Idan Malam ya fara makara, wa zai tambaye shi abin da ke damunsa?

Muna aji biyu na babbar sakandare, a wata makaranta da ke ƙasar Gaya, malamin da yake koya mana Lissafi ya canza mana gaba ɗaya. Mutum ne da muka sani yana riga mai kaɗa ƙararrawa isowa. Daga wani ƙauye da ke ɓangaren Ajingi yake zuwa kullum, amma kafin mu yi layin safe ya riga ya kafe babur ɗinsa a gindin darbejiya. Kwatsam sai ya koma shigowa bayan an ci rabin darasin farko. Babur ɗin ma muka daina ganinsa, sai dai ya sauka daga motar haya a bakin titi ya tako da ƙafa. Takardun gwajinmu suka yi mako uku a jakarsa bai duba ba. Wata rana ya tsaya a gaban allo da alli a hannu, ya manta inda ya tsaya a lissafin da shi da kansa ya fara, sai ya juyo ya daka wa wani yaro tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Mu kuwa muka yi abin da ɗalibai suka saba yi. Muka laƙaba masa suna, muka riƙa kwaikwayon tafiyarsa, wasu suka ce ya samu wani aikin ne a Kano, wasu suka ce shaye-shaye ya fara. Babu wanda ya ce bari mu tsaya mu ga ko lafiya. Ofis ma ya yi abin da ofis ya saba yi: aka ba shi takardar tuhuma, wadda ma'aikata suke kira kweri, ya amsa. Bayan mako biyu aka sake ba shi wata. Kowa ya san abin da yake biyo bayan ta uku.

Wannan malami yana nan yana koyarwa har yau. Yadda aka yi bai rasa aikinsa ba, da kuma abin da ya sa mutane da yawa irinsa suke rasa nasu, shi ne abin da muke so mu tattauna da ku a wannan mako.

Abin da ba mu sani ba a lokacin

Sai bayan mun gama makaranta, mun je yi masa barka da Sallah, ya ba mu labarin da bakinsa, ya kuma yarda mu faɗa muddin ba mu ambaci sunansa ko na makarantar ba.

Matarsa ce ta kwanta ciwo bayan haihuwa, aka tura su asibiti a Kano. Kuɗin magani ya cinye albashi, ya cinye hatsin da ya ajiye, daga ƙarshe ya cinye babur. Ya ci bashi a wuri uku. Yakan kwana a barandar asibiti, da asuba ya nemi motar Wudil, daga nan ya nemi ta Gaya, ya shigo aji bai runtsa ba. Da barci ya ƙaurace masa ko a ranar da ya samu kwana a gida, sai ya fara sayen ƙwayar sa barci a kemis ba tare da likita ya rubuta masa ba. Duk wannan bai faɗa wa kowa a makaranta ba. A amsar da ya rubuta wa kweri ta farko, matsalar mota kawai ya ambata. Ya ce mana kunya ce ta hana shi, da kuma tsoron kada maganar ta shiga fayil ɗinsa ta bi shi har ranar ritaya.

Mataimakin shugaban makaranta ne ya karya lagon abin. Maimakon ya rubuta takarda ta uku, sai ya jira aka tashi, ya ce Malam ya raka shi sallar La'asar. A hanyar dawowa ya buɗe maganar, kuma bai fara da tambayar me yake sha ko me ya faru a gidansa ba. Rajistar zuwa aiki ya ambata: kwana kaza an makara, aji kaza ba a shiga ba, ga jarrabawa tana matsowa. Sannan ya ce ya san shi shekara da shekaru ba haka yake ba, idan akwai abin da za a iya taimakawa da shi, maganar ba za ta wuce su biyu ba. A nan ne Malam ya yi magana.

Abin da ya biyo baya ba wani abu ne mai tsada ba. An mayar da darussansa bayan tara na ɗan lokaci. Ƙungiyar taimakon kai da kai ta malamai ta ba shi rance marar ruwa, ya biya masu binsa da suka fi matsa masa. Mataimakin ya nace sai ya ga likita a kan rashin barcin da ƙwayar, ya kuma gaya masa ƙarara cewa nan da wata guda yana so ya ga an daina makara. Kafin ƙarshen zango, Malam ya dawo yadda muka san shi.

Sa'a aka yi, shi ne gaskiyar magana. Da a ce mataimakin mai zafin kai ne, ko mai sakin baki, ko kuma an yi masa canjin wurin aiki a watan, da labarin ya sha bamban. A wasu ƙasashe an daɗe da gane cewa bai kamata makomar ma'aikaci ta rataya a kan sa'ar samun shugaba mai tausayi ba, shi ya sa suka mayar da abin tsari.

Shirin tallafa wa ma'aikata

Sunan tsarin shi ne shirin tallafa wa ma'aikata, ana taƙaita shi da haruffan EAP. A Amurka ya samo asali, kuma matsalar giya ce ta haife shi. A shekarar 1935 aka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a garin Akron, inda mashaya masu son dainawa suke taimakon juna. A shekarun 1940 manyan kamfanoni irin su DuPont da Eastman Kodak suka lura cewa korar ƙwararren ma'aikaci saboda shaye-shaye asara ce biyu: iyalinsa sun shiga uku, kamfani kuma sai ya kashe kuɗi da lokaci kafin ya horar da wani. Sai suka fara tura irin waɗannan ma'aikata neman magani, aikinsu yana jiransu. A 1970 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta kafa cibiyar ƙasa mai kula da matsalar giya, wadda ta taimaka wajen yaɗa tsarin a ma'aikatu. Daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da matsalar aure, bashi, rasuwa, ciwon damuwa da rikicin wurin aiki.

Ga yadda yake aiki. Ma'aikata ko kamfani ne yake biya, ma'aikaci ba ya ba da ko sisi. Akan ɗauko ƙwararrun masu ba da shawara, galibi daga waje, waɗanda ba su da hannu a ƙarin girma ko ladabtarwa. Ma'aikaci yana iya kiransu da kansa ba tare da shugabansa ya sani ba. Za su zauna da shi 'yan lokuta kaɗan, su gano bakin zaren. Idan abin na likita ne su tura shi asibiti, idan na bashi ne su haɗa shi da mai ilimin tsara kuɗi, idan na shari'a ne su nuna masa lauya. A wurare da dama matarsa da 'ya'yansa ma suna da damar amfana.

Ginshiƙin abin shi ne sirri. Abin da ma'aikaci ya faɗa ba ya shiga fayil ɗinsa, ba ya komawa kunnen shugaba sai da izininsa a rubuce. Ana iya karya wannan ƙa'ida idan rai yana cikin haɗari, nasa ko na wani. Ku tuna abin da ya hana malaminmu magana: tsoron fayil. Wannan tsoron ne tsarin ya zo ya cire.

Shugaba ma yana buƙatar mai taimaka masa

Ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba shi ne na shugaba. Mukan ɗauka mai riƙe da biro shi ne mai ƙarfi, ba ya buƙatar kowa. Amma ku sa kanku a matsayin wancan mataimakin. A gabansa ga ɗalibai sama da ɗari da za su zana jarrabawar WAEC da NECO, kuma Lissafi darasi ne da idan ba ka ci ba, ƙofar fannoni da dama a jami'a ta rufe. A bayansa ga masu duba makarantu daga ofishin shiyya, waɗanda rajista za su buɗe, ba zuciyar kowa ba. A gefensa ga sauran malamai suna kallo, wasu suna gunaguni cewa an canza wa mutum ɗaya jadawali saboda ɗan gaban goshi ne, shi kuma ba shi da damar ya bayyana dalili domin ya yi alƙawarin rufe sirri. Shi ba likita ba ne, bai san ko ƙwayar da Malam yake sha tana da haɗari ba. Idan ya yi tsanani ya kashe gida guda, idan ya yi sassauci ya cuci aji guda.

A inda tsarin yake, shugaba yana da lambar da zai kira ya ce yana da ma'aikaci mai hali kaza, yaya zai ɓullo masa. Kuma akan horar da shi a kan abubuwa kaɗan masu sauƙin riƙewa.

Na farko, ya lura da aiki, ya rubuta abin da ya gani da rana da lokaci, ba abin da ya ji a bakin mutane ba. Na biyu, kada ya mayar da kansa likita. Ba aikinsa ba ne ya yanke hukunci cewa wane ɗan ƙwaya ne ko ya samu taɓin hankali, domin makara da mantuwa da saurin fushi suna iya fitowa daga abu goma daban-daban: ciwon suga, hawan jini, rashin barci, yunwa, baƙin ciki. Na uku, ya yi maganar a keɓe, ya tsaya a kan aiki. Akwai bambanci tsakanin a ce wa mutum a gaban jama'a, “Kai dai ka lalace,” da a ce masa a keɓe, “Malam, a watan nan sau shida ka zo bayan takwas da rabi, kuma ba halinka ba ne. Akwai inda za mu iya taimakawa?” Na huɗu, ya nuna masa ƙofar taimako, ya bar shi ya shiga da ƙafarsa. Na biyar, ya sa wa'adi ya kuma bibiya, domin tausayi ba ya nufin a bar aiki ya mutu.

Masana biyu 'yan Amurka, Harrison Trice da Paul Roman, sun yi fice wajen bayyana wannan hanya a shekarun 1970. Abin da suka nuna shi ne, mutum yakan yi musun matsalarsa a gaban matarsa da abokansa, amma da wuya ya yi musun rajistar aiki, kuma son riƙe aikin yakan zama abin da zai tura shi neman magani. Sai dai dole gargaɗin ya zo tare da tayin taimako a zama ɗaya. Gargaɗi shi kaɗai yana sa mutum ya ƙara ɓoyewa, taimako shi kaɗai yana sa ya miƙe ƙafa.

Amfanin wannan ga shugaba a fili yake. An sauke masa kayan da ba nasa ba. Ba sai ya zama likita da alƙali da banki da aminin sirri a lokaci guda ba. Shi dai ya kula da aiki, ƙwararre ya kula da ciwo.

Ba matsalar Turawa kaɗai ba ce

Wani zai ce wannan ai shagalin masu ƙoshi ne. Alƙaluma ba su nuna haka ba. A watan Satumba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa duk shekara duniya tana asarar ranakun aiki kusan biliyan 12 saboda ciwon damuwa da fargaba, abin da ya kai kimanin dala tiriliyan 1. Sun kuma ce a 2019 kusan kashi 15 cikin 100 na mutanen da suke cikin shekarun aiki suna fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa. A cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta fitar a lokacin har da horar da shugabannin wurin aiki yadda za su gane ma'aikaci mai damuwa su kuma tunkare shi. Ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya ta 10 ga Oktoba, 2024 ma a kan wurin aiki aka yi ta.

A gida kuwa, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. A Jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin 100, wato sama da mutum miliyan ɗaya. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin. Waɗannan mutane ba duka ne zauna-gari-banza ba. Da yawansu suna da sana'a, kuma wasu domin su jure aikin ne ma suka fara sha.

Ku ƙara da tsadar rayuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, malamin da yake zuwa Toranke ko Balare ko Kademi daga wani gari ya ga kuɗin motarsa ya ninka. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, Jihar Kano ta sa nata 71,000, amma duk wanda ya je kasuwa da kuɗin cefane ya san iya inda suke kaiwa.

A shago da gareji

Yawancin mutanen Gaya da Ajingi ba a ofis suke aiki ba. Noma ne, da kiwo, da kasuwa, da sana'ar hannu. Da yawa daga cikinku ma idan an tashi daga makaranta shagon ɗinki kuke wucewa, ko garejin gyaran babur, ko wurin walda, ko teburin cajin waya. A can shugaba shi ne maigida, ma'aikaci kuma yaron shago.

Wannan alaƙa tsohuwa ce a ƙasarmu. Tarihin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya zuwa Dutsen Dala neman tama, kuma zuriyarsa ake kira Abagayawa. Tun zamanin da, kowace sana'a tana da shugabanta: Sarkin Maƙera, Sarkin Pawa, Sarkin Aska. Idan yaro ya fara lalacewa, maigida ba shi kaɗai yake fama ba. Zai kai magana wurin uban yaron, ko wurin dattijon sana'a, ko liman, ko mai unguwa. Idan rashin lafiya ce ko gobara ko rasuwa, 'yan sana'a su yi karo-karo. Mata suna da adashi da biki. Idan aka duba da kyau, wannan ma shirin tallafi ne, tun kafin a ƙirƙiro masa haruffa uku.

Amma kada mu yaudari kanmu, namu yana da giɓi biyu. Na farko, sirri. A garin da kowa ya san kowa, maganar da aka yi a zaure da safe kafin Magariba ta kai majalisar mai shayi. Yaron da aka ce yana shan tiramadol, ko ya daina, sunan ya bi shi har ranar da za a je nema masa aure. Saboda haka ya gwammace ya yi shiru har abin ya fi ƙarfinsa. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ba kowa ne yake aiki da karin maganar ba.

Na biyu, ƙwarewa. Nasiha da addu'a suna da babban matsayi, kuma babu mai hankalin da zai raina su. Sai dai wanda jikinsa ya saba da ƙwaya, idan ya daina farat ɗaya yana iya shiga wani hali mai haɗari, yana buƙatar likita ya bi da shi a hankali. Wanda yake fama da ciwon damuwa ba ragwanci ne yake damunsa ba, kuma duka ko ɗauri ba sa warkar da shi. Maigidan da ya ga yaronsa yana gyangyaɗi a kan keken ɗinki, ko hannunsa yana rawa a kan injin walda, zaɓi biyu kawai yake gani: ya kore shi, ko ya kau da kai. Idan ya kore shi, yaron ya koma hannun waɗanda suka koya masa sha. Idan ya kau da kai, wata rana a rasa yatsa ko ido. Zaɓi na uku, wato wurin da zai tura shi a asirce a duba shi ya dawo bakin aiki, shi ne abin da muka rasa.

Abin da muke da shi a ƙasa

Ba daga sifiri za a fara ba. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take kula da ita, ta amince cewa matsananciyar damuwar da aiki ya jawo tana cikin abin da ake biyan diyya a kansa. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, kuma ta hana nuna wa masu irin wannan lalura wariya. Jihar Kano tana da Hukumar Taimakekeniyar Lafiya, wadda aka yi dokarta a 2016, inda ake cire wani abu daga albashin ma'aikata domin rage musu nauyin asibiti. Akwai Babban Asibitin Gaya a kusa, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Malamai suna da ƙungiyarsu ta NUT, kuma makarantu da dama suna da asusun taimakon kai da kai.

Abin da ya rage shi ne igiyar da za ta ɗaure waɗannan wuri guda. A ganinmu ba sai an jira kamfanin waje ba. Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, waɗanda suke ƙarƙashin masarauta ɗaya tare da Albasu, suna iya haɗa hannu su ware ƙwararre ko da mutum biyu ne, mace da namiji, masu lambar waya da kowane malami da ma'aikacin asibiti da maigidan shago ya sani. Kada ofishinsu ya kasance a cikin sakatariya inda kowa zai ga mai shiga. A cikin asibiti ya fi, domin mai shiga asibiti ba a tambayarsa dalili. A ba shugabannin makarantu da shugabannin ƙungiyoyin sana'a horo na kwana ɗaya ko biyu a kan matakai biyar ɗin da muka lissafa. A kuma rubuta a takarda cewa neman taimako ba zai shiga fayil ba.

Dole mu faɗi iyakar abin. Shirin tallafi ba ya maye gurbin albashi mai kyau. Idan malami ɗaya yana riƙe da aji mai ɗalibai fiye da ƙima, ko ma'aikaciyar jinya tana kwana uku a jere a bakin aiki, babu shawarar da za ta warkar da su, sai an gyara aikin kansa. Kuma ko a ƙasashen da tsarin ya kafu, ma'aikata da yawa ba sa zuwa, domin ba su yarda sirrinsu zai tsira ba. Amana ita ce jarin, idan ta zube sau ɗaya an gama.

Me ya shafe ku?

Kuna iya cewa ku ɗalibai ne, ba ku da ma'aikaci. Amma wanda aka naɗa shugaban ɗalibai, ko firifet, ko monita, ya riga ya fara shugabanci. A hannunka akwai takardar sunayen masu makara da masu surutu. Yarinyar da take makara kullum, wataƙila sai ta kai tallan koko kafin ta taho. Yaron da yake barci a aji, wataƙila a gona ko a gidan burodi ya kwana. Rubuta sunan aikinka ne, kada ka fasa. Amma kana iya jan shi gefe ka ce, “Abokina, sau huɗu ke nan a makon nan, lafiya kuwa?” Idan ya faɗa maka, ka riƙe amana. Idan abin ya fi ƙarfinka, ka raka shi wurin malamin ba da shawara na makarantarku, ko wani malami da kuka yarda da shi. Idan kuwa ka ji yana maganar cutar da kansa, wannan ba sirrin da ake riƙewa ba ne, a ranar za ka sanar da babba.

Idan kai ne yaron shago kuma abin duniya ya dame ka, kada ka jira sai maigida ya gaji da kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka samu lokacin da babu kwastoma ka ce, “Maigida, ina da magana.” Idan kuwa wani ya miƙo maka ƙwaya ya ce za ta ƙara maka ƙarfin aiki, ka tuna da yawa daga cikin waɗanda ake kaiwa Dawanau da wannan jimlar aka fara da su.

Idan kuma malaminku ne ya canza, kuna da haƙƙin a koyar da ku, kuma babu laifi monita ya sanar da ofis cikin ladabi cewa an yi kwana kaza ba a shiga aji ba. Abin da ba ku da haƙƙinsa shi ne ƙirƙirar dalili ku yaɗa. Mu mun yi, kuma ranar da muka zauna a zauren Malam yana ba mu labarin barandar asibiti, babu wanda ya iya ɗaga kai ya dube shi. Muka nemi gafararsa a kan sunan da muka sa masa. Ya yi dariya ya ce tun a lokacin ya san sunan, har ma ya san wanda ya ƙirƙiro shi. Sannan ya leƙa cikin gida ya ce a kawo mana tuwon Sallah.